Manhajar lissafin cefane da bashi: in bar ta cikin waya ko in kai ta intanet?

Ɗan Ader:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ni a Tawa nike, wata huɗu ke nan ina haɗa wata ƴar manhaja ta Android, mutum ya riƙa rubuta abin da ya kashe a yini, cefane, esansi, kiredi, kuɗin kuran, sai gefe guda waɗanda yake bi bashi da masu bin shi. Abin da ya sa ni, kayen bashin butik ɗin babana ruwa ya jiƙa shi daminar bara, rabin sunayen suka goge. Yanzu wuri biyu na tsaya. Ko in bar lissafin cikin wayar mutum, ko ba rezo tana aiki amma in an sace waya shi ke nan, ko in kama hayar ma'ajiya a intanet. Na biyu, in ranar biya ta zo, manhajar ta tura wa wanda ake bi saƙo da kanta ko ta tuna wa mai kuɗi kawai? Jika 80 na ware. Don Allah wanda ya taɓa fama da lissafi ko bashi ya faɗa min yadda ta kaya da shi.

Maman Nana:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa albarka. Ni dai ka sa wurin adashe, ina cikin uku kuma wallahi kwanan ɗauka rikice min yake.

Mai Butik Wadata:
Da dala za ta ƙirga ko da faran? Nan ne aikin. Tsohuwa za ta ce maka dala hamsin, kai ka san 250 ne, in yaro ya rubuta 50 an yi asarar 200. Mutanenmu ba wanda ke cewa 500, dala ɗari ake cewa, 1000 kuma jika. In ba ta jin wannan ba, mu ba ta mu ba ce.

Ɗan Ader:
Gaskiya Alhaji ban yi tunanin wannan ba, na gode. Maganar ma'ajiyar fa?

Baban Sadik:
Yaro bari in faɗa maka, ba mantuwa ke hana mutane biya ba. Mijin ƙanwata ya zo min da dare zai tafi bida Abijan, na ƙirga mai jika 300, kuɗin da na tara shekara biyu zan sayi moto. Ba takarda, ba shaida, don kunya, wa zai ce wa suruki sa hannu. Shekara ta farko yana ɗaukar waya, ta biyu ya ce kasuwa ta mutu, ta uku ya dawo da sallah da sabuwar shadda ya yanka rago biyu. Da na yi magana gaban tsohuwarmu sai ya ce ai 150 ne kuma taimako na yi mai ba rance ba. Ni na zama mai laifi, wai zan kashe auren ƙanwata a kan kuɗi. Yau wata bakwai ba ta taka gidana ba, ɗiyanta in sun gan ni a hanya sai su sunkuyar da kai. Kuɗin ban ƙara jin zafinsu kamar wannan ba. To wace manhaja ce za ta gyara min?

Malam na Lazare:
Allah ya mayar maka da alheri. Shi ya sa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da sa shaidu. Ɗan Ader ka sa wurin sunan shaidu biyu, kuma kada ka sa lissafin ruwa a ciki.

Baban Sadik:
Malam ko na rubuta a wayata cewa zai yi ni na rubuta abina.

Injiniya Yamai:
Wannan shi ne dalilin ma'ajiya ta intanet, wanda ya ci bashi ya danna ya amince daga wayarsa, ba musu. Jika 5 a wata ta ishe ka. Rajistar sa manhaja a Play Store, kasuwar manhajojin Android, kuma dalar Amurka 25 ce sau ɗaya, wajen jika 15.

Bagobiri:
Jika 5 ina? Ni wanda ya yi wa ƙungiyarmu 20 yake karɓa duk wata, ban da kuɗin SMS.

Injiniya Yamai:
An cuce ku ne kawai. Akwai ma na kyauta in masu amfani ba su da yawa.

Mai Butik Wadata:
Ku masu kwamfuta kuna zaune cikin sanyi kuna tsara mana. Shekara 19 ina ba da bashin shinkafa da mai, rabin masu ɗauka ƙaramar waya gare su mai tocila, me za su danna? Kuma ranar da waya ta tura wa ma'aikaci saƙo cewa ana bin shi jika 12, matarsa ta gani, ya bar butik ɗinka har abada. Bashi da gaisuwa ake karɓo shi, ina kwana ina gajiya, ya ƙarshen wata.

Injiniya Yamai:
Alhaji da girmanka, daɗewa a kanti ba shi ne sanin manhaja ba. Tambayar fasaha yaron ya yi.

Maman Nana:
To ai Alhajin ne zai yi aiki da ita ba kai ba.

Bagobiri:
Ni ku sa maɓallin da zai goge sunana daga wayar duk Bazabarmen da ke bi na, ai bawa ba ya bin ubangidansa bashi 😂

Ɗiyar Harobanda:
Bagobiri biya jika biyun dambun da ka ci tukuna, sannan mu san waye bawan wani 😂

Baban Sadik:
Kuna dariya, ni ko jiya sai da tsohuwa ta kira ni wai in je in ba ƙanwata haƙuri. Ni da aka ci wa kuɗi.

Ɗiyar Harobanda:
Yi haƙuri baba. Amma tunda ga masu butik a nan, Alhaji ina canjinmu? Ka sayi abin 475 ka ba da 500, a ce ba dala biyar, a miƙo maka alawa ko a ce sai gobe, goben ba ta zuwa. Wannan ma ai bashi ne, ba wanda ke rubuta shi.

Mai Butik Wadata:
Ɗiyata mu ma saye muke. Masu bara da ƴan taksi nike bi da yamma in samu ƙananan kuɗi, wani lokaci sai na ɗora wani abu a kai.

Maman Nana:
Mai taksi ma haka ya riƙe min dala ashirin shekaranjiya a Katako, ya ja mota ina magana.

Ɗan Ader:
Na rubuta dala, adashe da shaidu. Saƙon dai in sa ko kada in sa?

Ɗiyar Harobanda:
Ka sa wurin canjin da ake bin mai butik tukuna.