Zauren Masu Kwamfuta na Gusau: "Antibairos Duk Damfara Ce"

Mai Shagon Buga Takardu: Salamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, raina a ɓace yake. Na buɗe shago da safe nan Tudun Wada, na kunna babbar kwamfuta, ba fayil ɗin da ke buɗuwa. Furojet ɗin ɗalibai, katunan biki, kalandun da anka biya ni rabin kuɗi, duk an liƙa masu wasu haruffa huɗu a ƙarshen suna. Cikin kowace folda ga wata takarda mai suna _readme.txt, wai in biya dala 980, in na yi sauri cikin awa 72 su rage mani zuwa 490. An yi garkuwa da aikina ana neman kuɗin fansa. Kuma wallahi akwai antibairos, manhajar da ke kare kwamfuta daga cuta, a kanta, orijinal, da kuɗina wani mai gyara ya sa mani. Ni dai na yanke hukunci: antibairos duk damfara ce. Su ke ƙera cutar, su ke sayar da maganin. Mai ja ya fito.

Injiniyan Sabon Gari: Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar da alheri, Alhaji. Amma tsaya, ka ce orijinal. Kwali anka ba ka, ko lambar lasisi ka shigar da hannunka?

Mai Shagon Buga Takardu: Daga filash ɗinshi ya sa. Ya ce ba ya ƙarewa sai 2050.

Injiniyan Sabon Gari: To an zo wurin. Lasisin gaske na shekara guda ne ko biyu, in ya ƙare a sabunta. Wanda ke kaiwa 2050 kirak ne, wato wanda anka fasa don a yi amfani da shi ba biya. Ɓarawo ka ɗauko ka ba shi gadin shago, Alhaji. Ka janye kalmar orijinal tukuna.

Ɗan Kaura: Oga Injiniya, ban yarda ba. Kirak ai manhajar kamfanin ce dai, wurin biyan kuɗin kawai aka toshe. In tana kama bairos, orijinal ce.

Injiniyan Sabon Gari: Ta kama wanga?

Ɗan Kaura: Ko mai lasisi ma ba komai take kamawa ba.

Hajiya Mai Kafe: Don Allah ku bar mu da zancen orijinal. A faɗa mani shago ɗaya daga Tsohuwar Kasuwa har Samaru da ya sayi Windows da Office da CorelDraw duk da kuɗinsa. Nawa muke buga shafi? Ku da kuke gyaran ai ku ke sa mana su.

Injiniyan Sabon Gari: Hajiya, muna sawa, amma ba mu ce maku orijinal ne ba. Ƙaryar ita ce laifin.

Hajiya Mai Kafe: Ku ke cewa mana. A gabana aka sha faɗa.

Malamin Kwamfuta: Ku ɗan saurara, Alhaji na cikin matsala. Takardar _readme.txt da dala 980 da ragin 490 alamun wata cuta ce da ake kira STOP ko Djvu. Babbar hanyarta ita ce manhajojin kirak da waɗanda ake kunna Windows da Office da su ba lasisi. Ku tuna abin da ake fara ce wa mutum kafin ya sa kirak: kashe antibairos. Ta nan take shiga. Alhaji, cire kwamfutar daga intanet yanzu, kada ka sake soka filash ɗin kowa, kada ka yi fomat, wato goge komai na cikinta, kada ka biya. Buɗe takardar ka duba doguwar lambar da ke ƙasa. In ta ƙare da t1, galibi cutar ta kulle fayilolin ne lokacin da ba ta samu intanet ba, kuma kamfanin Emsisoft na da manhajar buɗewa kyauta da kan yi aiki a wasu irin waɗannan. In ba haka ba, ka kwashe fayilolin a ajiye yadda suke. Sannan wannan cutar kan zo da wata mai satar kalmar sirri, don haka ka canja ta imel da Facebook da banki, amma daga wata na'urar.

Ɗan Kaura: Ka ji ko, Oga? Malam bai ce laifin antibairos ɗin kirak ba ne. Ya ce kirak dai.

Injiniyan Sabon Gari: Kirak kirak ne, ƙanena. Ka gama makaranta tukuna.

Ɗan Kaura: Laftof nawa na gyara a hostel waɗanda aka kai Sabon Gari aka dawo da su a lalace? Shekaru ba su ne sani ba.

Baba Ɗan Fansho: Ni ban san orijinal ba, ban san kirak ba. Abin da yat taɓa ni, Alhaji, ka ce an yi garkuwa da takardu ana neman kuɗin fansa. A jihar ga? Akwai mutane cikin zauren ga da sunka sayar da gona da shanu don su karɓo ɗiyansu daga daji. Ka nemi wata kalma.

Mai Shagon Buga Takardu: Baba, ba raini ba ne. Su da kansu kuɗi sunka nema kafin su sake mani aiki. Mi zan kira shi?

Hajiya Mai Kafe: Gaskiyar Baba ce. Ka ce an kulle, ya wadatar.

Ɗan Kaura: Amma a labarai ma haka ake faɗa. Lokacin cutar kwamfuta ta WannaCry a 2017, da ta tsayar da asibitoci a Ingila ta shiga ƙasashe kusan 150, kuɗin fansa aka ce.

Baba Ɗan Fansho: Ingila daban, Zamfara daban, ɗana.

'Yar Aji Huɗu: Don girman Allah, furojet ɗina na cikin kwamfutar nan. Babi na huɗu da na biyar a wurin Alhaji aka buga, ba ni da su ko'ina. Malam, zai dawo?

Injiniyan Sabon Gari: Da antibairos ɗin Kaspersky mai lasisi ke kanta da ba a kai nan ba. Shekara da shekaru ina sa wa mutane, ba wanda ya dawo mani da kuka.

Ɗan Kaura: Kaspersky ɗin da Amurka ta hana sayarwa a ƙasarta a 2024? Kayan Rasha?

Injiniyan Sabon Gari: Siyasa ce, don kamfanin na Rasha ne. Mu ina ruwanmu da faɗansu? Amurka ce za ta gaya mana mai gaskiya?

Ɗan Kaura: Ni Avast nake sawa, kyauta, ba ruwana da kowa.

Malamin Kwamfuta: Avast ma a 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta ci shi tarar dala miliyan 16.5, saboda sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga ta hannun wani reshensa, Jumpshot. Amma daga nan zuwa cewa kamfanonin ne ke ƙera cutar, Alhaji, akwai nisa. Masu wannan aika-aika gungun ɓarayi ne masu neman kuɗi. Shirin No More Ransom da aka kafa a 2016, 'yan sandan Turai da na Holan ne tare da kamfanonin antibairos, kuma kyauta suke raba makullan buɗewa.

Injiniyan Sabon Gari: Kun ji. Har da Kaspersky cikin waɗanda sunka kafa shi.

Hajiya Mai Kafe: Ku yi ta Rasha da Amurka. Ni Smadav na sani. Lokacin da aka katse layukan waya a jihar nan a Satumban 2021, komai da filash ake yawo da shi, manyan antibairos ɗinku ba hanyar sabunta su. Filash ya zo duk foldoji sun zama shotkot, yarinya na kuka, in soka, Smadav ya fito da su. Shi ya riƙe mani shago.

Injiniyan Sabon Gari: Smadav na Indonesiya? Hajiya, wancan na share filash ne kawai.

Hajiya Mai Kafe: To filash ɗin ai shi ne ciwonmu. Kuma shi aƙalla na kyautar orijinal ne, ba irin na 2050 ba.

Malamin Kwamfuta: Hajiya na da gaskiya ta wani gefen. Cutar shotkot ɓoye foldoji take yi ba gogewa ba, shi ya sa suke dawowa. Amma masu Smadav da kansu kariya ta biyu suke kiransa, a haɗa shi da wani. Abin da nake so a gane shi ne, Windows 10 da 11 na zuwa da nasu mai gadin, Microsoft Defender, ba ko kwabo, kuma a gwaje-gwajen cibiyar AV-TEST ta Jamus yana samun maki mai kyau. Sai dai da zarar an sa wani antibairos, shi yakan ja gefe ya bar masa aikin. Wato wanda aka sa wa Alhaji ya kori na gasken, shi kuma ba ya sabuntuwa. Masu Windows 7 kuma, tun Janairun 2020 Microsoft ya daina toshe masa ɓaraka, Windows 10 ma wa'adinsa ya cika 14 ga Oktoban 2025. Duk wanda ke riƙe aikin mutane ya nemi had-dis na waje, wato ma'ajiyar fayiloli da ake sokawa a kwamfuta, ya kwafe aiki kullum kafin ya rufe shago, ya zare shi ya sa a durowa. In ya bar shi a soke, tare za a kulle su.

Ɗan Kaura: To Defender da ke kan Windows ɗin kirak, orijinal ne ko jabu? Oga Injiniya ya amsa.

Injiniyan Sabon Gari: Ba ni amsa wa yara.

'Yar Aji Huɗu: Alhaji, don Allah ka duba lambar da Malam ya ce. Na samu babi uku na farko a WhatsApp ɗin da na tura wa malamina, sauran ne babu.

Mai Shagon Buga Takardu: An ɗauke wuta, ɗiyata, sai na tada janareto. Kuma har yanzu ba wanda ya gamsar da ni. Na biya kuɗi, an ce mani orijinal, ga abin da ya biyo baya.

Shugaban Zaure: Jama'a, magana ta yi tsawo, bari in taƙaita abin da anka cimma. Na farko, an tabbatar abin da ke kan kwamfutar Alhaji ba orijinal ba ne, don haka zargin da ya yi wa antibairos ya faɗi. Na biyu, ban ji daɗin yadda anka yi wa masu gyara kuɗin goro ba. Na daɗe cikin sana'ar ga, kuma na san kwastoma ne ke zuwa ya ce a sa mashi mai arha. Mutum ɗaya ya yi ƙarya, ba dukanmu ba. Na uku, mafi yawan masu magana sun nuna kayan kyauta ba abin dogaro ba ne, ga ma abin da anka faɗa kan Avast. Malam ya kawo zancen Defender, muna girmama iliminshi, amma aji daban, kasuwa daban. Mai shagon da filash ke shiga dare da rana ya sayi lasisi a hannun mai gyaran da ya sani, ya karɓi lambarshi a rubuce. Ɗan Kaura ya nemi afuwar Injiniya, ba a yi wa na gaba haka a zauren ga. Koken Baba an karɓa, daga yau a ce an kulle fayil. Alhaji, ka kawo kwamfutar shagona gobe bayan Azahar tare da ɗalibar, kada ka bari kowa ya yi mata fomat kafin nan. An rufe wagga magana.