Ƙaiƙayin hannu ya ƙi barina, ko abinci ne?

Maman Zuwaira, Birni:
Salamu alaikum 'yan uwa. Shekara 2 ke nan tafin hannuna da gefen yatsu suna yin ƙananan ƙuraje masu ruwa, in sun bushe fata ta tsage, ko dama fura ba na iyawa. Na lura ranar da na ci ƙuli-ƙuli ko wake, dare ba barci. Yaya zan tabbatar?

Inna Hajo, Garin Malam:
Sannu 'yata. Kada ki bar komai lokaci guda, ki rame a banza. Ajiye gujiya (gyaɗa) kaɗai sati 3, kina rubuta abin da kika ci, sannan ki sake ci ki gani. In ta taɓa kumbura miki leɓe, kada ki gwada sai gaban likita.

Malam Sani, Zango:
Hajiya, gujiya da wake suna da sinadarin nikel, yana tayar wa wasu ƙurajen. Amma ni Omo da ruwan jabel (na wanki, mai sa tufafi fari) nake zargi. Mai ɗakina safar roba da man kaɗe suka taimaka mata, musamman da ɗari. Yaranki ma suna susa? In eh, a duba ƙazuwa.

Maman Zuwaira:
Ni kaɗai ce, Malam. Wanki kuwa kullum ne. Na gode, Inna, yau zan fara rubutun.