Me ya sa labaran sarƙaƙiya suke mutuwa a wajen warwara?

Ummu_Hanan ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga marubuta da manyan makaranta. Littattafan sarƙaƙiya na yanzu, na kisan kai da ɓatan mutum da rikicin gado, farkonsu yana kama mutum ƙam, ka kasa ajiyewa. In an zo warwara kuma sai jiki ya yi sanyi. Ko dai ka gane mai laifin tun fitowa ta biyar a labarin da ake saki kashi-kashi, sauran duk jan rai ne, ko a shafin ƙarshe a jefo wani ƙanin uba da ba a taɓa jin sunansa ba a ce shi ne. Wani lokacin ma mafarki ne ke tona asirin. Ina ainihin matsalar take? Akwai ma'aunin da mai karatu zai riƙe ya san ko marubuci ya yi masa adalci?

Malam_Alƙalami ya rubuta:

Wa alaikumus salam Malama. Cutar tana kama littafin tun daga tushe, a ƙarshe ne kawai take bayyana. Marubuci bai yanke wa kansa irin labarin da yake rubutawa ba. Labarin bincike tambayarsa ita ce "wa ya aikata?", mai karatu yana cikin duhu, yana bin sawu tare da mai binciken. Labarin fargaba tambayarsa "zai kuɓuta kuwa?", a nan mai karatu ya fi jarumin sani, shi ya sa zuciyarsa ke dukan uku-uku. Alfred Hitchcock, mai shirya finafinan nan ɗan Ingila, ya ba da misali da bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba zato, mai kallo zai razana na daƙiƙa 15, amma in an nuna masa bam ɗin da agogo tun farko, zai yi minti 15 cikin zullumi. Gane mai laifi a fitowa ta biyar daga nan yake zuwa. An nuna mana kishiya tana ƙulle-ƙullenta kamar a labarin fargaba, sannan an ci gaba da ɓoye-ɓoye kamar a labarin bincike. An ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba.

Ma'auni kuwa akwai. A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, ya tsara ƙa'idoji 10 na labarin bincike. Wasu sun tsufa, amma waɗannan suna nan daram: dole a ambaci mai laifin tun farkon littafi, kada sa'a ko tsautsayi su warware wa mai bincike matsalarsa, duk shaidar da ya gani sai mai karatu ma ya gani, kuma tagwaye ko masu kama da juna ba sa fitowa sai an share musu hanya. Gwajin mai sauƙi ne. In kin gama littafi, ki koma kashi ɗaya cikin uku na farkonsa. In za ki iya ɗora yatsa a kan layi biyu ko uku ki ce "ashe ga shi nan an faɗa mini ban lura ba", marubucin ya yi adalci. In babu, ya ci amanar lokacinki.

Ga mai rubutu, aikin jadawali biyu ne. Na farko, abin da ya faru a zahiri ranar da abin ya auku, awa bayan awa, kowa yana ina. Na biyu, jerin yadda mai bincike zai gano su. Ba a fara shafin farko sai jadawalin farko ya kammala. A gidan Bahaushe agogon ba ya wuce lokutan salla, ɗauke wuta da dawo da ita, da ranar girki. Waɗanda ake zargi su kasance 4 zuwa 6. Ƙasa da haka babu wasa, sama da haka mai karatu ya manta sunaye. Kowannensu ya zama yana da dalili, yana da dama, kuma yana da ƙarya guda da yake yi don rufe wani sirri nasa da bai shafi kisan ba. Wannan ƙaryar ce take raba hankalin mai karatu.

Misali: direba ya ce shi a masallacin unguwa ya yi Magariba, bayan Liman, har ya gaisa da shi. A babi na uku kuwa, cikin hirar mata a tsakar gida, an riga an ce Liman ya tafi Umara, na'ibi ke jan salla. Mai karatu ya gani, bai ɗauke shi a bakin komai ba saboda nan take faɗa ya kaure tsakanin uwargida da amarya. Haka ake binne shaida, a sa ta dab da wani abin da zai ɗauke ido.

Ɗan_Kotu ya rubuta:

Malam ya gama magana a kan gini. Ni abin da ke kashe mini littafi shi ne dalilin kisan, musamman gado. Da yawa an kwaso shi ne daga labaran Turawa: Alhaji zai canza wasiyya ya bar wa ɗa guda komai, sai aka riga shi. A gidan Musulmi wannan bai tsaya ba. Wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji wasiyya sai sauran magada sun yarda. Wanda ya kashe mutum da gangan kuma ba ya gadonsa.

A ɗauki alƙalami a yi lissafi kafin a zargi kowa. Matan mamaci, in yana da 'ya'ya, tumuni suke rabawa, wato ɗaya bisa takwas, ko su huɗu ne. Dukiyar naira miliyan 32, mata huɗu, kowacce miliyan ɗaya. Amaryar da ke cikin daula ba za ta kashe miji don wannan ba, rayuwarsa ta fi mata riba. Sai dai a ba ta wani dalilin. Ƙanin mamaci kuwa, muddin akwai ɗa namiji, ko sisi ba ya samu.

Ga inda cakwakiyar gaskiya take. Mutum ya bar miliyan 24, mata ɗaya, 'ya'ya mata biyu, iyayensa sun rasu, yana da shaƙiƙi. Mata ta ɗauki miliyan 3, 'ya'yan su ɗauki biyu bisa uku, miliyan 16, ragowar miliyan 5 na ƙanin ne. To a ce matar tana da ciki. In ta haifi namiji ƙanin ya tashi a tutar babu, kuma a mazhabar Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu. Ga mace tana takaba a gida guda, ga wa'adi yana matsowa, ga wanda makomarsa ta rataya a kan cikin. Wannan labarin fargaba ne cikakke, ba a aro komai daga waje ba.

Sai hanyar hukuma a Najeriya. Shari'ar kisan kai ba ta ƙarewa a ofishin DPO. Ana miƙa ta sashen binciken manyan laifuka na rundunar jiha. A kai wanda ake zargi gaban Majistare don a ba da umarnin tsare shi, fayil ya tafi ma'aikatar shari'a a jira shawarar daraktan gabatar da ƙararraki, sannan Babbar Kotu ta saurara, a Arewa galibi ƙarƙashin sashe na 221 na Penal Code, wato kundin dokar laifuka. Watanni ake yi, sau da yawa shekaru. Littafin da aka kama mutum ranar Litinin aka yanke masa hukunci ranar Alhamis ya fita daga duniyarmu. Iƙirarin da aka samu da duka ma ba ya rufe magana: lauya zai ce tilasta shi aka yi, kotu ta tsaya ta binciki yadda aka karɓi bayanin kafin ta ci gaba, ga kuma dokar hana azabtarwa ta 2017. Marubucin da ya jingina warwararsa a kan "ya sha matsa ya faɗi gaskiya" bai warware komai ba.

Anti_Jinya ta rubuta:

Bari in ƙara ta ɓangaren gawa, don a nan ma ana kwafsawa. Likitan littafi yana taɓa mamaci ya ce "ƙarfe biyu da kwata ya cika". Babu mai iya wannan. Sandarewar gawa tana farawa daga muƙamuƙi da wuya bayan awa 2 zuwa 4, ta game jiki wajen awa 12, ta saki bayan kwana ɗaya zuwa biyu, zafi kuma yana gaggauta duka. Sanyin jiki ma ba abin dogaro ba ne a wurinmu: zafin jikin mutum digiri 37 ne, a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zafin gari yana haura 40, to ina gawa za ta huce? Abin da likita zai iya bayarwa tazara ce ta awanni, kuma tazarar ta fi amfani ga labari, don tana barin mutum uku cikin zargi maimakon ɗaya.

Jini yana kwantawa ta gefen da ke ƙasa, ya kafe a nan bayan awa 8 zuwa 12. In an tsinci mutum a rigingine alhali tabon yana ƙirji da ciki, an juya shi ko an ɗauko shi daga wani wuri. A baƙar fata sai an duba da kyau ake gani.

Guba kuma, don Allah a daina sa fiya-fiya a shayi mutum ya shanye bai ji ba, ya yi barci ya wuce. Warinta kaɗai ya isa, kuma alamunta ba sa ɓuya: dalalar miyau, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi ya sarƙe. Duk gidan sai ya sani.

Abin da na fi so marubutanmu su kula da shi: mu ba ma kwana da gawa. Wanda ya rasu da safe, kafin La'asar an kai shi, iyalai kuma ba kasafai suke yarda a yanka gawa don bincike ba, tono kabari kuwa sai da umarnin hukuma. Wa ya ga jikin ke nan? Masu wanka. Dattijuwar da ta wanke amarya ta ga shatin yatsu a wuyanta, ga shi an hore ta da suturta abin da ta gani a jikin mamaci, ga kuma haƙƙin rai. Ta faɗa ko ta yi shiru? Wannan matar ta fi kowane ɗakin gwaji amfani a littafin Hausa, kuma da wuya ka ga an ba ta ko shafi biyu.

Gwaggon_Yara ta rubuta:

Malam_Alƙalami, ina da ja a wuri ɗaya. Cikin ƙa'idojin Knox ɗin nan har da hana aljanu da tsafi kwata-kwata. Mai karatunmu ya yarda akwai sihiri, akwai sammu, akwai kurciya. In mutum ya ɓace daga gidansa, kafin a je wurin 'yan sanda an je wurin malamai. Littafin da ya share wannan ya yi ƙarya a kan mutanensa.

Malam_Alƙalami ya rubuta:

Gaskiyarki Gwaggo, shi ya sa ban kawo ta cikin waɗanda na ce suna nan daram ba. A bar mutanen labari su yi imani da abin da suka yi imani da shi. Layar da aka tono a bakin ƙofa tana iya jan gida duka zuwa zargin kishiya, alhali mai laifin ne ya binne ta don a kalli can. Boka ma shaida ne mai kyau, ya san wa ya zo wurinsa da abin da ya roƙa. Inda nake tsayawa shi ne kada gaibu ya yi aikin da mai bincike ya kamata ya yi. In aljani ya hau kan yarinya ya faɗi sunan mai kisan a babi na ƙarshe, me ya hana shi faɗa a babi na biyu? Wanda yake son sihiri ya yi tasiri da gaske a labarinsa, ya nuna iyakarsa tun farko, abin da yake iyawa da abin da ba ya iyawa, kuma ya tsaya a kai.

Ummu_Hanan ta rubuta:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Saura ƙanin uban nan da ake jefowa daga sama. Shi daga ina yake fitowa?

Malam_Alƙalami ya rubuta:

Daga rubutun kullum-kullum a WhatsApp da manhajar labarai ta Wattpad. Marubuciya tana sakin fitowa tana karanta sharhi. A fitowa ta 20 sai wasu makaranta su cafko mai laifin, ita kuma ta ji kamar an kwance mata zani a kasuwa, ta canza shi. Sabon mai laifin ba shi da sawu ko ɗaya a baya, don lokacin da ake rubuta bayan babu shi, shaidun da aka binne wa na farkon kuma su zama tarkace marasa ma'ana. Dole a ƙirƙiro baƙo.

Kada a canza. Mutum 5 cikin 100 su gane alama ce cewa shaidun suna aiki, sauran za su ji daɗin komawa baya. In zargin ya yi yawa, a ba mai laifin shaidar da za ta wanke shi na ɗan lokaci, wadda jadawalin farko ya riga ya nuna ta inda za ta rushe, kamar maganar direba da Liman. A rubuta babin warwara kafin a saki fitowa ta ɗaya, a ajiye fitowa 10 a hannu a gaban wadda ake saki, kuma a buɗe takarda guda da aka jera kowace shaida da lambar fitowar da aka binne ta. Ranar warwara a bi takardar layi-layi, duk shaidar da ba a warware ba a warware ta, ko da jimla ɗaya ce.