Ya haddace jadawalin sau, amma lissafin canji na gagararsa

Maman Abba, Zariya

Assalamu alaikum iyaye da malamai. Shawara nake nema a kan ɗana, shekararsa 9, yana aji huɗu na firamare. Yaron nan akwai hadda. Jadawalin sau daga biyu har sha biyu yana kansa, ko daga barci aka tashe shi zai karanto. Islamiyya ma ba a taɓa kawo mini ƙararsa ba. Amma da zarar tambaya ta zo da labari a cikinta, sai ya tsaya cak. Na ce masa, sabulu ɗaya naira 350, ka sayi biyu, ka miƙa wa mai shago dubu ɗaya, nawa ne canjinka? Sai ya ɗago kai ya ce, "Mama, tarawa zan yi ko ɗebewa?" In na gaya masa, nan take zai fitar da amsa daidai. In na ƙi, sai ya shiga cankar lambobi yana kallon fuskata.

Abin yana damuna, domin nan da shekara biyu zai zauna jarrabawar shiga sakandare ta NECO, kuma na duba takardun baya na ga akwai sashen da ba ruwansa da hadda, sai yaro ya gano tsarin lambobi da kansa. Ni tela ce, kan keke nake yini, ba ni da halin ɗaukar mai lesin. Me zan riƙa yi da shi a gida?

Tsohon Hedimasta, Funtuwa

Wa alaikumus salam. 'Yata, kwantar da hankalinki, kan yaronki lafiya lau. Na koyar da irinsa da yawa. An saba masa ne da a nuna masa hanya sannan ya bi, shi ya sa yake neman amsa a fuskarki maimakon cikin tambayar.

Daga yau, in ya ce tarawa ko ɗebewa, kada ki zaɓar masa. Ki ce ya maimaita miki labarin da bakinsa: wa ya je shago, me ya saya, nawa ke hannunsa. Ki ajiye masa kuɗi na gaske a tabarma, ki zama mai shago. Sannan ki yi shiru. Wannan shirun shi ne mai wuya, domin uwa ba ta son ganin ɗanta yana fama, amma a cikinsa tunanin yake fitowa. Kuma ko ya dace da amsa, ki tambaye shi, "Ya aka yi ka sani?" Yaran da ba a yi wa wannan tambayar sai sun yi kuskure, da sun ji ta sai su canza amsa ko da daidai ce.

Ki ba shi tsohuwar wasa ƙwaƙwalwar nan ta mutumin da zai haye kogi da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalen ba ya ɗaukar sama da shi da abu ɗaya. In ya bar kura da akuya, an ci akuya. In ya bar akuya da harawa, an ci harawa. Ki ba shi tsakuwa uku ya gwada. Hayewa bakwai ce, kuma inda kowa ke maƙalewa shi ne ba ya kawo wa ransa cewa ana iya dawowa da akuyar baya. Ko kwana zai yi a kai, ki bar shi.

In ya wuce nan, ki zana masa gida tara, uku-uku, ya zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi, a tsaye da a kwance da a karkace, zai ba da 15. Ki gaya masa wannan ilimin ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Malam Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara irin wannan hatimin lambobi, ya rasu a Alƙahira a 1741. Ina son yaranmu su san haka.

Baban Ummi, Gusau

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Ni dara zan ƙara. Mun bar ta ga dattawa a gindin bishiya, alhali ban san wasan da ke tilasta wa yaro hangen gaba kamar ta ba. Gurbi 30 ne, layi biyar gida shida-shida, kowa da 'ya'ya 12, ɗaya tsakuwa ɗaya kara. A zuba ɗaya bayan ɗaya, ba a jera uku lokacin zubi. In an gama sai a fara tafiya gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe. Wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa ɗaya. Huɗu a jere ba ci ba ne.

'Yata nake bugawa da ita bayan la'asar, a kan kwali na zana mata. Abin da nake yi, kafin ta ɗaga ɗa sai na ce, "In kin matsa nan, ni ina zan matsa?" Da farko hannunta ya fi kanta sauri, yanzu sai ta daɗe tana kallon gurbi. Kuma Hajiya, kada ki bar shi ya ci ki da gangan. Yara suna ganewa.

Anti Mai Ɗinki, Kano

Maman Abba, ai makarantar tana ɗakinki! Ni ma sana'armu ɗaya. Turmin atamfa yadi shida, yadi inci 36. Ki miƙa masa tef ki ce zane zai ci yadi biyu, ɗankwali kaza, shin ragowar za ta isa riga? Ki sa shi lissafin kuɗin zare da zif da leshi, ya gaya miki ko ɗinkin nan akwai riba. Ni a ganina wannan ya fi wasa kama jiki, domin ya san in ya yi kuskure yadin mutane ne zai lalace, sai ya natsu.

Da dare kuma a yi kacici-kacici. Amma kada a tsaya a "shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya" ya ce tsintsiya, wannan ma hadda ce. Ki sa ya ƙirƙiro nasa a kan almakashi ko allura, ku kuma ku canka.

Maman Abba, Zariya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Hedimasta, na ba shi ta kura da akuya. Ya gwada ya gwada, da ya ga na ƙi magana sai hawaye, ya ce ba na son taimakonsa. Zuciyata ta karye. Haka zan ci gaba da yin shiru ko yana kuka? Babansa kuma ya ce a saukar masa da wasannin lissafi a waya.

Tsohon Hedimasta, Funtuwa

A'a 'yata, in an kai ga kuka a tsaya, a sha ruwa, a bar ta sai gobe. Shirun da nake nufi na amsa ne kawai, bakinki bai rufu ga tambaya ba. Ki zauna kusa da shi ki ce, "Wa za a iya bari tare ba a yi ɓarna ba?" Zai ce kura da harawa. To, wa ya kamata a fara hayewa da shi? In ya sake maƙalewa a tsakiya, ki ce, "Dole ne kwalekwalen ya dawo ba kowa?" Ki tsaya nan.

Batun waya, ban hana ba, amma yawancin wasannin sauri suke gwadawa, kuma Abba yana da sauri tuni. In za a ba shi, babansa ya zauna tare da shi yana tambayarsa dalilin kowane taɓi. Ki fara ba shi ta gida tara ranar Alhamis da babu Islamiyya, ki faɗa mana lambar da ya sa a tsakiya.