Neman shawara: muhawarar makaranta na neman cinye wa 'yata Islamiyya

Maman Ummi, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Don Allah ku ba ni shawara, abin nan ya kai sati biyu yana cina.

Yarinyar wajena Ummi, shekararta 15, tana SS2 a wata makarantar gwamnati. Zangon da ya wuce malamar Turancinsu ta saka ta a ƙungiyar muhawara. Da fari ranar Laraba kawai suke zama, ban ma ɗauki abin a bakin komai ba. To yanzu an zaɓe ta cikin yara uku da za su wakilci makarantar a gasa da wasu makarantu, sai atisaye ya koma Litinin, Talata da Laraba, bayan an tashi har ƙarfe huɗu. Kafin ta samu danfo ta kutso go-sulon Pen Cinema, biyar ta gota. Islamiyyarsu kuwa huɗu ake shiga, a tashi shida. Tana izu 18 a hadda, malaminsu ya aiko min sau biyu cewa tilawarta ta fara zubewa. Ga lissafi ma, daga 64 ya sauko 51.

Babansu albasa yake sayarwa a Mile 12, daga sallar asuba ya fita sai bayan isha'i, ya ce duk abin da na gani. Baffanta kuma ya ce shi bai ga dalilin da 'ya mace za ta tsaya gaban maza tana ɗaga murya ba, har ya buga wa Hajiya waya a Funtuwa, ita kuma ta kira ni ta ce kar in bari Ikko ta buɗe wa takwararta ido.

Ni kuma wallahi ban taɓa ganin yarinyar nan ta so abu haka ba. Jiya na leƙa bayan ɗaki na tarar ta jera ƙannenta a kan benci su ne alƙalai, autan na riƙe da agogon bango shi ne mai duba lokaci, ita kuma ta riƙe ludayi tana kawo hujjar cewa makarantar jeka-ka-dawo ta fi ta kwana. Yarinyar da ko gaisuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji muryarta.

In cire ta ne, ko akwai dabara?

Hajiya Mairo, Idi-Araba

Wa alaikumus salam. Maman Ummi, ni dai ba zan ɓoye miki ba, cire ta. Na ga irin wannan a ɗakina. Yaron wajena ƙwallo ce ta ɗauke masa hankali, kullum yana filin Surulere wai ana zaɓen 'yan wasa, an ba shi lambar yabo har biyu, suna nan rataye a bango suna shan ƙura. Da sakamakon WAEC ya fito lissafi bai yi ba, sai da muka sake biyan kuɗin jarabawa ya zauna shekara guda a gida. Lambar yabon ba ta shigar da shi ko'ina ba. Kuma hadda ba ta jira, idan ta zube a wannan shekarun, tattaro ta sai an sha wuya. Balle 'ya mace a titin Legas da yamma. Rigakafi ya fi magani.

Malama Bilkisu, Oko-Oba

Maman Ummi, sannu da ƙoƙari. Ni malamar sakandare ce, shekara 11 ina koyarwa a nan, bari in ɗan tsawaita.

Maganar Hajiya Mairo akwai gaskiya a ciki ta fuska ɗaya: babu jami'ar da za ta ɗauki yaro don ya ci kofi. Abin da ake dubawa kiredit biyar ne a WAEC ko NECO, dole da Turanci a ciki, da lissafi ga yawancin fannoni, sai makin JAMB, darussa huɗu a kan maki 400. Saboda haka 51 ɗin nan na lissafi ya fi tayar min da hankali a kan komai da kika faɗa, don a SS2 ake gina abin da za a tarar a SS3.

Amma ƙwallo daban, muhawara daban. Yaron da ke muhawara karatu yake yi ko bai sani ba. Sai ya nemo hujja, ya tsara ta a rubuce, ya saurari abokin karawarsa ya gano inda maganarsa ta yi rauni, sannan ya faɗi nasa cikin 'yan mintuna kafin a kaɗa masa ƙararrawa. Wannan shi ne ainihin abin da takardar insha'i ta WAEC take nema, kuma cikin tambayoyin da ake kawowa har da rubuta jawabin muhawara. Ni da idona na ga yaran da ba sa iya cika rabin shafi sun koma suna neman ƙarin takarda. Idan kuma tana sha'awar karatun lauya ko aikin jarida, to a gonarta take.

Ni a ganina matsalarki ba muhawara ba ce, ranakun da aka zaɓa ne. Islamiyyunmu galibi Asabar zuwa Laraba ake yi, Alhamis da Juma'a hutu. Malamar nan ƙila ba ta san haka ba sam, ita dai ta zaɓi ranakun da suka yi mata daidai. Ki shirya ki je da kanki, kar ki aika yarinya, kar kuma ki yi ta waya. Ki roƙe ta ta mayar da atisayen Alhamis da Juma'a. Yara uku ne kacal, ba aji guda ba, ba abin da zai gagara ba ne.

Idan kin je ki tambayi abu uku: yaushe ne gasar, a ina za a yi, wa zai raka su. Makarantun gwamnatin Legas an kasa su gundumomin ilimi shida, mu nan Agege da Alimosho da Ifako-Ijaiye muna gunduma ta ɗaya, don haka zagayen farko da wuya ya fitar da ita nesa. Kuma makarantar kirki ba ta fita da yaro sai da takardar amincewar iyaye da malami a tare. Idan aka ce miki yara su taho da kansu a haɗu a can, kar ki yarda.

Ummu Sadiq, Dopemu

Ni hanya kawai zan yi magana a kai. Ki nemo wata yarinya ko biyu da suke dawowa unguwarku a wannan lokacin su riƙa tahowa tare, ko babu Bahaushiya a ciki. Nawa da 'yar maƙwabciyata Bayarabiya suke tafiya shekara uku ke nan, uwar ta fi ni sa ido ma. Ki kuma ba ta kuɗin mota da canji a hannu, rigimar canji da kwandasta kaɗai tana cin minti goma.

Zainab A., Ojo

Mama, ina wuni. Ku yi haƙuri in sa baki cikin maganar manya, ni ɗaliba ce a LASU, kuma a Agege na yi sakandare, abin ya taɓa ni.

Ranar da na fara tsayawa muhawara a wata makaranta, da aka kira sunana na miƙe da hijabina, sai na ji wani yaro a baya ya ce da Yarbanci wai 'yar Mola ce, wato Bahaushiya, me za ta faɗa. Ya ɗauka ba na ji. Gwiwoyina rawa suke, takardar hannuna ta jiƙe da gumi. Ban ci ba ranar, na uku muka zo. Amma da aka tashi wata malama daga cikin alƙalan ta riƙo hannuna ta tambaye ni 'yar wace unguwa ce, ta ce shekarunta da yawa tana wannan aiki ba ta cika ganin yaranmu ba. Wannan maganar ta daɗe a raina. Muna da yawa a Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, wasunmu kakanninsu ma a nan aka haife su, amma idan aka zo wajen da ake magana a gaban hukuma sai a neme mu a rasa.

Tun 2001 ake gasar Spelling Bee ta makarantun gwamnatin jihar nan, wanda ya ci a ba shi kujerar gwamna ta kwana ɗaya. Ga Cowbellpedia ta lissafi da ake nunawa a talabijin. Ba a rubuta cewa ban da 'ya'yan Hausawa ba, mu ne muke janye namu.

Game da maganar Baffa kuma, da girmamawa: a 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, bayan shekaru ana shari'a. Waɗanda suka tsaya a kan maganar, ƙungiyar ɗalibai Musulmi ce, MSSN, wadda a nan Legas aka kafa ta a 1954, da 'yan mata 'yan sakandare da aka shigar da ƙarar da sunansu. Da duk an hana su buɗe baki a gaban maza, da Ummi ba ta shiga aji da hijabinta yau ba. Kunya ba ta hana magana. Ni ban taɓa cire hijabi don muhawara ba, ban kuma taɓa yi wa alƙali tsawa ba.

Hajiya Mairo, Idi-Araba

Zainab, Allah ya yi miki albarka, kin yi magana mai kyau. Amma ke kin gama lafiya ne shi ya sa kike ba da labari, waɗanda suka watse a hanya ba sa zuwa nan su rubuta. Kuma in dai tsayawa gaban jama'a ake so ta koya, ai musabaƙa ma gasa ce. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato tana shirya ta ƙasa tun 1986, jihohi na tura nasu, maza da mata. Yarinya mai izu 18 kaɗan ya rage mata ta isa rukunin izu 20. Me ya sa ba a zuga ta a nan ba?

Zainab A., Ojo

Gaskiya ne Hajiya. Sai dai ban ga abin da ya hana ta haɗa biyun ba, in an gyara ranakun kamar yadda Malama ta ce.

Maman Khalifa, Mile 12

Ni dai nawa ƙungiyar JETS ya shiga, ta masu ƙere-ƙere, ya kwance min fanka biyu da rediyon babansa kafin ya iya mayarwa. Yanzu shi ke gyara wa duk gidanmu soket da fitilar caji, har 'yan kuɗin kati yake samu. Ba kofi ko ɗaya, amma na daina kiran mai gyara. Af, masu son 'ya'yansu su koyi ɗinki ranar Asabar, ƙanwata tana koyarwa, ku yi min magana ta gefe.

Anti Rabi, mai kula da zaure

Maman Khalifa, talla ranar Lahadi ce, kin sani.

Maman Ummi, Agege

Na gode ƙwarai 'yan uwa, Allah ya bar zumunci. Na yi shiru kwana uku ne don in je makarantar tukuna.

Malama Bilkisu, kamar kina wurin. Malamar ta riƙe baki, ta ce ita duk zatonta makarantar Arabiyya Asabar da Lahadi ce kawai. Juma'a ba za ta yiwu ba, ɗaya daga cikin yaran yana da wani uzuri, amma ta yarda a koma Laraba da Alhamis, sai a ƙara rabin awa a lokacin tara. Ke nan Laraba kaɗai Ummi za ta makara. Na je wajen malamin Islamiyya, ya ce ta riƙa kawo masa haddar Laraba ranar Asabar tare da ta ranar, amma da sharaɗin ta riƙa muraja'a bayan asuba ina saurare. Mun fara shekaranjiya, da gyangyaɗi da komai. Gasar saura sati biyar, a cikin gundumarmu za a yi, da motar makaranta da malamai biyu, na ga takardar da idona.

Hajiya Mairo, ban yar da maganarki ba. Na zaunar da ita na ce wannan gasar kawai na amince, idan sakamakon zangon nan ya fito lissafi bai koma 60 ba, ko malam ya sake aiko min, an gama, kuma SS3 babu wata ƙungiya sai karatu. Ta ce ta ji. Maganar musabaƙa ma na faɗa wa malaminsu, ya ce sai ta cika ashirin ɗin da kyau.

Akwai abin da ban faɗa muku ba da farko don kar a ce ina yabon nawa. Watan jiya wakilin mai gidan da muke haya ya zo da takarda wai kowane ɗaki zai ƙara kuɗin gyaran rijiyar burtsatse, alhali mun biya tun bayan ƙaramar salla. Babansu ba ya nan, ni kuma Yarbancina na cefane ne. Ummi ta shiga ɗaki ta ɗauko rasit ɗin a cikin gwangwanin da nake ajiya, ta gaishe shi har ƙasa, ta karanta masa kwanan wata da adadin kuɗin, da Yarbanci sannan da Turanci, ta tambaye shi ko wannan wani gyaran ne daban, in daban ne a rubuta mana. Bai ƙara ko kalma ba ya ninke takardarsa. Matan gidan har da masu guɗa. Wannan labarin na ba Hajiya a waya daren jiya, ta yi dariya ta ce ai mai sunanta ce, ita ma ba a taɓa cin kuɗinta a kasuwar Funtuwa ba. Ta ce a bar ta ta je, amma a aiko mata da hoton ranar ta ga irin shigar da aka yi. Baffa dai har yanzu bai ce komai ba, babansu ya ce shi zai same shi.

Saura lissafin. Don Allah wadda ta san malama mace mai koyar da lissafin SS2 a kusa da Agege, ranar Lahadi da safe, mai sauƙin kuɗi, ta taimaka min.

Malama Bilkisu, Oko-Oba

Akwai wata abokiyar aikina, zan tambaye ta gobe in Allah ya kai mu. Kafin nan ki turo min hoton takardar jarabawar da ta ci 51 ɗin, in ga inda take faɗuwa.