Wa ya isa ya sake waƙar Shata?

Kawu Sule: Assalamu alaikum. Jiya a wajen wani taro na ji abin da ya tsaya mini a rai. Wani yaro ya hau dandamali da fiyano ya ce zai yi mana Bakandamiyar Shata. Muryarsa ba laifi, baitocin duk ya haddace, har gyaran muryar marigayin ya kwaikwaya. Amma ni kamar an nuna mini hoton zaki an ce in ji tsoro. To ga maganata, mai jin haushi ya ji: waƙar gwani ba ta sakuwa. Duk wanda ya ɗauki waƙar babban mawaƙi, rage mata daraja kawai zai yi. A bar wa kowa kayansa.

Zainabu: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Amma yaro ɗaya ya yi ɓarna sai ka ɗaure mawaƙan duniya gaba ɗaya? Dolly Parton ce ta rubuta "I Will Always Love You", ta fitar da ita a 1974. Whitney Houston ta sake ta a 1992, ta yi mako 14 tana saman jadawalin waƙoƙin Amurka. Yau ka tare mutum goma ka tambaye su mai waƙar, ka ji sunan da za su kira.

Kawu Sule: 'Yata, ai kin kawo mini hujja ne ba ki sani ba. Wannan mai babbar murya ce ta ɗauki waƙar mai ƙaramar murya. Ni na ce a taɓa ta gwani. Kawo mini wanda ya hau kan gwani ya sauko lafiya.

Zainabu: Dolly ba gwana ba ce? To shi ke nan, ga Otis Redding. Shi ya yi "Respect" a 1965, magidanci ne ya dawo gida yana neman a girmama shi tunda shi ke kawowa. Aretha Franklin ta ɗauke ta a 1967 ta juya ta, ta koma mace ce ke ce wa namiji ya san darajarta. Kusan kalmomin nan ne dai, amma maganar ta sauya baki ɗaya. Ko Otis ma ba gwani ba ne, Kawu?

Isiyaku: Ƙara masa da Jimi Hendrix, gwanin kaɗa jitar lantarki. Bob Dylan ya yi "All Along the Watchtower" a 1967, Hendrix ya sake ta a 1968, daga baya Dylan da kansa ya koma yana kaɗa ta irin yadda Hendrix ya yi. Mai kaya ya bi sawun wanda ya ara. Kuma wannan Dylan ɗin shi aka ba lambar Nobel ta adabi a 2016.

Malam Bala: Ku dakata, ina ganin jaki biyu kuke ɗaure wa a turke ɗaya. Kawu yana da gaskiya a kan Shata, amma dalilin da ya bayar ba shi ba ne.

Waƙar Dolly an zauna an rubuta ta, tana da farko da ƙarshe, tana da karin da ko a takarda za a iya ajiye shi. Irin wannan kamar riga ce a rataye, wanda ta yi wa daidai ya sa. Ta Shata ba haka take ba. Abin da ke tsaye a waƙarsa gindin ne kawai, wanda 'yan amshi ke maimaitawa. 'Ya'yan waƙar kuwa a nan take yake ƙera su, yana duban wanda ke zaune, wanda ya shigo yanzu, wanda ya yi kyauta, wanda ya noƙe. Shi ya sa in kun tara faya-fayan Bakandamiya za ku tarar babu biyu da suka zo ɗaya. To wacce yaron ya haddace? Ta dare ɗaya. Ya tsaya yana gaida mutanen da babu su a wurin, yana mayar wa wasu martanin da ba wanda ya san mafarinsa.

Sannan abin da ya fi wannan: Bakandamiya kirarin kai ce. Shata ne ke faɗin wane ne Shata, bayan shekaru yana tara wa kansa abin faɗi. Yaron da bai gama fitar da gemu ba ya tsaya yana cika baki da bakin wani. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kawu Sule: Yauwa Malam, Allah ya ƙara sani. Abin da nake ji a raina ke nan na rasa yadda zan faɗa.

Malam Bala: Kada ka yi saurin gode mini, ranka ya daɗe, saura rabin da ba zai yi maka daɗi ba. Ɗauki Musa Ɗanƙwairo. Shi waƙarsa shiryayya ce, a gida ake dafa ta kafin a kai fada. Ya ɗauko ɗa, 'yan amshi su karɓe daga bakinsa su ƙarasa, har su yi ƙari. Ka saurari "Mai Dubun Nasara" ta Sardauna, kowace gaɓa an san inda za ta faɗi. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, kuma 'ya'yan gidansa sun ci gaba da yin waƙoƙinsa da kotso, mutane suna ji suna motsawa. Haka tsarin Narambaɗa yake. Ka ga ke nan ko a cikin manyan namu akwai waƙar da ke sakuwa.

Ɗanlami: Ni da nake aikin situdiyo bari in faɗa muku inda yaron ya faɗi tun kafin ya buɗe baki. Mu kiɗa muke fara haɗawa a kwamfuta, mu ɗaure shi ya yi ta zagayawa, mawaƙi ya zo ya bi. Na'ura ba ta jira, ba ta kuma jin daɗin magana. Makaɗin kalangu kuwa kunnensa na bakin mai waƙa. In aka jefa magana mai nauyi sai ya matse tsarkiya a hammata, muryar kalangun ta hau ta amsa, ya saki ta sauko. Hira suke yi. Fiyanon nan yana da sautin da aka rubuta masa sunan ganga, amma kurma ne.

Hajiya Turai: Tun ɗazu nake karanta ku, maza sai Shata sai Ɗanƙwairo kamar mata ba su taɓa buɗe baki ba. Alhaji Sule, ina ka bar amada? Barmani Choge ba ita ta ƙirƙiro kiɗan ƙwarya ba. Ta taso ta tarar da shi, Uwaliya Mai Amada ta riga ta yin suna. Waƙoƙin mata daga baki zuwa baki suke tafiya, kowacce ta karɓa ta zuba nata gishirin. Da an bi dokarka ta "a bar wa kowa kayansa", da Barmani ba ta yi waƙa ba. Ta rasu a 2013, kuma ni ban ga laifin yarinyar da za ta kifa ƙwarya a ruwa ta ci gaba daga inda ta tsaya ba.

Kawu Sule: Hajiya, ai ni ban isa in ja da ke a kan amada ba.

Hajiya Turai: Ka dai ji tsoro.

Zainabu: Kawu, akwai guda ɗaya da nake so ka nema ka kalla, ko ba ka jin kalmomin. Wani mawaƙi, Trent Reznor, ya fitar da "Hurt" a 1994, bai kai shekara 30 ba, yana kukan yadda ƙwaya da ƙunci suka cinye shi. Johnny Cash ya sake ta a 2002 yana da shekara 70, ciwo ya ci ƙarfinsa. Bai yi ƙoƙarin yin muryar saurayi ba. Murya na rawa, numfashi na yankewa, haka ya bar ta. A bidiyon ana nuna hotunansa na ƙuruciya, matarsa June na tsaye a kan matakala tana dubansa, a ƙarshe ya rufe murfin fiyano ya shafa shi da tafin hannu. Ta rasu a watan Mayun 2003, shi ya bi ta a Satumba. Reznor da kansa ya ce waƙar ta tashi daga tasa. Ni ranar da na fara gani sai da na ajiye wayar na fita waje.

Malam Bala: To kun ga bambancin. Tsohon ya zo wa waƙar da nasa ciwon. Yaron Kawu ya zo wa Bakandamiya da kunne mai kyau kawai.

Isiyaku: Tunda an zo nan, kowa ya faɗi wadda yake mafarki. Ni tawa ɗaya ce: a ce Ɗan Maraya Jos ya yi "Redemption Song" ta Bob Marley. Marley ya yi ta a 1980, shi kaɗai da jita, ba ganga ba 'yan amshi, ciwon da ya kashe shi a 1981 yana jikinsa. Ɗan Maraya kuma duk rayuwarsa haka ya yi waƙa, shi kaɗai da kuntigi, ɗan gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya. Mutumin da ya yi wa karen mota waƙa lokacin da kowa ke bin fada da attajirai, ai shi ya dace da ita. Ba fassara nake so ba. A faɗa masa abin da take nufi, a ba shi kwana biyu.

Hajiya Turai: Ni Barmani nake so da waccan ta Aretha da Zainabu ta faɗa. Matar da ta yi ta ce wa mata su kama sana'a, wa zai koya mata neman daraja? Sai dai ku toshe wa yara kunne, don ba za ta tsaya inda Aretha ta tsaya ba.

Ɗanlami: Hendrix da kukumar Garba Supa. Ko a juya, a miƙa wa Garba jitar lantarki a ga abin da zai faru.

Zainabu: A ce Mohammed Rafi, mawaƙin fina-finan Indiya, ya yi "Balaraba" ta Haruna Uji.

Kawu Sule: Subhanallahi. Gurmin fa, a kai shi ina?

Malam Bala: Ni ba sakewa nake mafarki ba, haɗuwa. Ummu Kulsum ta Masar da Shata a dandali ɗaya. Ita ma waƙa ɗaya takan kai ta awa guda, ta riƙe baiti ɗaya ta yi ta juya shi, kowane zagaye da irin nasa, jama'a na ihu a maimaita. Tun da ta rasu a 1975 mawaƙa nawa suka yi "Enta Omri"? Karin yana nan tunda Muhammad Abdulwahab ya tsara shi, kowa na iya bi. Abin da ba ya dawowa shi ne wannan ja-in-ja tsakaninta da masu sauraro. Ita da Shata ciwonsu ɗaya.

Ɗanlami: Ku fa sani duk mafarkin nan naku yanzu kwamfuta na iya yi. A ba ta faya-fayan mutum ta koyi muryarsa, sai ta rera duk abin da aka ba ta. Isiyaku, in kana so kafin gobe ka ji Ɗan Maraya yana Marley.

Isiyaku: A'a, na gode. Riƙe abinka.

Kawu Sule: Ɗanlami, ka ji tsoron Allah. Mutum yana kabarinsa a sa masa magana a baki? Shata ya rasu tun 1999. Yaron jiya ko ba komai da bakinsa ya yi, kuma in na ga dama in tare shi in yi masa faɗa. Wannan wa zan yi wa?

Ɗanlami: Kawu ni ma ban ce ina yi ba, na ce ana iyawa. Kuma akwai mai tsabta. A 2023 ragowar 'yan ƙungiyar mawaƙa ta Beatles sun fitar da "Now and Then", na'ura ta tsamo muryar John Lennon daga wani tsohon kaset da ya ɗauka a gida. Shi ya rera da kansa, tace ta kawai aka yi, kuma da yardar iyalinsa.

Malam Bala: Yardar iyali, nan ne maganar da ba mu taɓa ba. Solomon Linda na Afirka ta Kudu ya yi "Mbube" a 1939. Aka ɗauke ta zuwa Amurka, ta rikiɗe ta zama "The Lion Sleeps Tonight" a 1961, ta zagaye duniya. Shi ya mutu a 1962 cikin talauci, sai a 2006 aka sasanta da magadansa bayan an je kotu. Dolly kuwa da Elvis Presley ya so ya yi waccan waƙar tata, manajansa ya ce sai an ba su rabin haƙƙin mallaka, ta ce a'a. Da Whitney ta zo, aljihun Dolly kuɗin suka shiga. Yanzu wanda duk ya sake waƙar ɗaya daga cikin manyan nan namu ya ɗora a intanet, wa yake tambaya? Me ke isa gidan marigayin?

Zainabu: Wannan gaskiya ne Malam. Amma Kawu bai ba mu amsa ba. Ka janye ko ba ka janye ba?

Kawu Sule: Na janye a kan Ɗanƙwairo. Na janye a kan amada don Hajiya ta bar ni in sha ruwa. Tsohon nan mai rufe fiyano kuma turo mini shi in gani da idona. A kan Shata ban janye ko taku ɗaya ba.

Isiyaku: To kai wacce kake mafarki? Kowa ya faɗi tasa sai kai.

Kawu Sule: Ni? A dawo mini da Shata na minti goma, a zaunar da shi a wajen taron jiya, ya ji yaron nan har ya gama. Sannan a ɗaga wa makaɗa hannu. Zambon da zai biyo baya nake so in ji.

Hajiya Turai: Alhaji, yaron mutane ne fa.