Lissafin mol ya tsaya wa yarona a wuya

Maman Usama, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yarona na sanawiyya (sakandare) a nan Saudiyya, kuma lissafin mol na darasin kemistiri ya hana shi sakat. Jiya har ƙarfe ɗaya na dare yana kan tebur, sai gogewa yake har takardar ta huje. Don Allah wa ya san hanya ko darasi mai sauƙi?

Malam Habibu, Madina: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a nemi darasi, ki shiga kicin da shi. Mol ƙidaya ce, kamar kiret. Kiret ɗin ƙwan kaza 30 ne, in aka ƙirga ƙwan salwa 30 ma adadin ɗaya ne, amma a sikeli ba su zo ɗaya ba. To mol ɗaya ƙwayoyi 6.022 × 10²³ ne, ko na mene ne. Wannan shi ne adad Avogadro da ke littafinsu. Ya auna ruwa giram 18, cokalin cin abinci ɗaya da ɗan ɗori, mol ɗaya ke nan. Gishiri kuwa sai giram 58.5, sukari giram 342. In ya jera su uku a faranti ya gani da idonsa, ba zai sake mantawa ba.

Baban Zainab, Makka: Haka ne Malam. Ni abin da na dage wa 'yata shi ne kada ta tsallaka daga giram zuwa ƙwayar zarra (atom) kai tsaye, dole a bi ta mol. Da zinare na koya mata, tunda uwarta na harkarsa. Zinare zalla giram 1.97, a raba da 197 (nauyin mol ɗaya na zinare a giram), ya ba da mol 0.01. A ninka da adad Avogadro, zarra 6.022 × 10²¹. In daga zarra za a koma giram, sai a juya: raba da adad Avogadro, sannan ninka da 197.

Anti Rabi, Riyad: Ya duba darussan Ain na ma'aikatar ilimi a YouTube, kyauta ne kuma bisa manhajarsu. Khan Academy ma na da sashen Larabci.

Malam Habibu: Akwai wani rami da ɗalibaina ke yawan faɗawa. Mol ɗaya na ruwa molekul (haɗakar zarra) 6.022 × 10²³ ne. In zarra aka tambaya sai a ninka da 3, domin a kowane molekul na ruwa haidrojin biyu ne, oksijin ɗaya. Maki da yawa a nan suke zubewa, abin na damuna ƙwarai.

Ɗan'uwa Bashir, Zahran: Hajiya, ya riƙa rubuta g (giram) da mol a gefen kowace lamba, yana soke masu kama. In abin da ya rage ba shi aka tambaya ba, ya san ya juya lissafin. Ya kuma saba yi da hannu saboda Tahsili, jarrabawar shiga jami'a.

Maman Usama: Allah ya saka da alheri. Na sauko da sikelin kek, bayan magariba za mu fara da gishirin. Malam, zan turo maka hoton aikinsa ka duba mana.

Malam Habibu: Ki turo Hajiya, ina nan har bayan isha'i.